Shagon takalmi, yabon fura

Jama'a, ku zo ku ji ikon Allah! Shagona na takalmi ya yi suna a intanet, amma da fura!

Kwanaki na sa shagon nan nawa na bakin Hubbaren Shehu a taswirar waya, don baƙi masu ziyara su riƙa samuna. Shiru kake ji. Yau na buɗe in duba. Taurari biyar-biyar! Wani ya rubuta, "Furar nan ba ta da na biyu." Wata ta ce, "Allah ya saka wa tsohuwa."

Wace tsohuwa kuma? Ni da nake ɗinka fata!

Na hau babur, na ce wa waya ta kai ni shagon. Ta yi ta jana har unguwarmu Gidan Dahala, ta tsaya cak a ƙofar gidanmu! Ashe ranar da na yi rajistar a zaure nake kishingiɗe, na danna "inda nake yanzu".

Na shiga na tarar da mahaifiyata tana dama fura.

Na ce, "Inna, baƙi na zuwa nan?"

Ta ce, "Awo. Su yi sallama, su ce takalmi. Cikin ranar ga in bar baƙo shi koma da ƙishi? Sai in dama musu hura."

"Ba ki kwatanta musu shago?"

"In sun sha, mantawa sukai."

Na ciro waya na ce bari in gyara.

Inna ta aje ludayi. "Kul! Na riga na sa a ƙaro nono. Kai dai kwaso takalmanka ka dawo zaure."