Minti Hamsin da Tara

A shekarar da kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rufe gidan da tsofaffin unguwarmu ke zuwa wuni, Baba ya rasa aikinsa. Shi ne yake tuƙa motar da ke ɗauko su da safe ta mayar da su da yamma. Ya yi wata huɗu a gida yana cike takardun neman aiki, sannan ya samu aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a Erdington, can Birmingham. Ni da Mama muka zauna a unguwarmu ta Levenshulme, saboda makarantata da kuma aikin sharar ofisoshi da take yi da asuba. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Sau ɗaya a wata yake zuwa gida, wani watan ma ba ya samun dama.

Kafin ya tafi ya shiga wani shagon waya a Stockport Road ya yi mana kwantiragin layi biyu da sunansa, ɗaya nasa, ɗaya na Mama. Wayoyin ƙanana ne, masu maɓalli. Abin da ya ja hankalinsa shi ne kira tsakanin layukan nan biyu kyauta ne, muddin bai cika awa ɗaya ba. Da zarar ya cika sai a fara caji. Don haka sai a kashe a minti na hamsin da tara, a sake kira. Wannan kashewa da sake kiran ni aka damƙa wa.

Ina dawowa daga makaranta wajen ƙarfe huɗu saura, daidai lokacin da Baba yake tashi daga barcin rana. Mama za ta kira shi, su gaisa, ta tambaye shi gajiyar aiki, ya tambaye ta sanyi. Daga nan sai ta buɗe murya ta jingina wayar da gwangwanin sukari a kan teburin kicin, kowa ya kama abin da ke gabansa. Ita ta hau girki, ni na baje littattafaina, shi kuma can yana shirin fita. Haka za mu zauna har shida da rabi. Sai a yi minti ashirin ba wanda ya ce komai.

Wani lokaci sai mu ji muryarsa daga jikin gwangwanin sukari. "Wannan albasa ake yankawa, ko fushi ake yi da wuƙa?"

"Ka ci taliyarka ka ƙyale ni," in ji Mama.

"Wa ya ce miki taliya nake ci?"

"Me ka iya dafawa bayan ita?"

Ni ba mai magana ba ce. Duk ƙarshen zango malamai abu ɗaya suke rubutawa a takardar sakamakona, cewa ina da ƙoƙari amma ba a jin muryata a aji. A coci idan matan zumunta suka gaishe ni, bayan Mama nake laɓewa. Ko Baba da kansa, idan ya zaunar da ni ya ce in ba shi labari, takalmansa nake kallo. Amma wannan zaman na waya ya yi mini daidai. Ba wanda yake jiran in ce wani abu, kuma Baba yana nan.

Na haddace ɗakinsa da kunne. Na san ƙarar butar shayinsa idan ta tafasa ta kashe kanta. Na san bas ɗin da ke tsayawa a ƙarƙashin tagarsa tana huci kamar wadda ta hau bene. Akwai wani ƙiiii da nake ji kullum wajen biyar da rabi, na yanke a raina cewa ƙofar wani babban kabad ce. Akwai kuma wani ƙas-ƙas da ba ya tsayawa, shi kuma na ce agogon bango ne. A haka na gina masa ɗaki mai faɗi, da kujera ta zaman baƙi da labule mai kauri.

Mun kusa shekara a haka, sai wasiƙa ta zo daga kamfanin wayar. Mama ta ba ni ta ce in karanta, don rubutun ƙanana ne kuma ta bar tabarau ɗinta a wurin aiki. Sun ce daga wata mai zuwa za su ƙara kuɗin wata, kuma kiran da ke tsakanin layuka biyu ya daina zama kyauta, zai shiga cikin 'yan mintocin da ake ba mu. A can ƙasa suka rubuta cewa tunda su suka canza sharuɗɗa, wanda bai yarda ba yana da kwana talatin ya soke kwantiraginsa ba tare da tara ba. Wannan wurin na karanta shi da sauri, ƙasa-ƙasa.

"Maimaita na ƙarshen nan," in ji Mama.

Na maimaita.

Da yamma ta gaya wa Baba. Bas ta zo ta yi hucinta ta wuce. Sannan ya ce ai ko an zauna ko an fita, kiran kyauta ya ƙare, gara a fita a koma sayen kati. Na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka a raina ina ganin muddin ba a soke ba, wataƙila su manta da mu, ko su sake aiko wata wasiƙar su ce kuskure aka yi.

Baba ne ya fara kiran su. Ya hana kansa barci, ya jira a layi kusan minti arba'in suna sa masa kiɗa. Da yamma Mama ta tambaye shi ko an gama.

"To, yarinyar da ta ɗauka akwai ladabi," in ji shi. "Sai *sir* take ce mini. Ta ce ba sa son rabuwa da ni. Ta ce za ta yi mana ragi na wata uku."

"Kiran kyautan fa?"

"Wannan ta ce ba ya hannunta."

"Sai ka ce mata me?"

"Na ce zan yi tunani."

Mama ta ajiye muciya. "Baban yarinya, ladabi za mu ci?"

Washegari ta ce ita za ta yi. Tun farko Baba ya sa sunanta a matsayin wadda za ta iya magana da kamfanin. Ta wanke hannu, ta zauna a kujera ta miƙe baya kamar a gaban likita, ni kuma ina gefenta da wasiƙar. Wani saurayi ya ɗauka. Mama ta gaishe shi da Turanci, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi iyali, har ya ɗan yi dariya ya ce kowa lafiya. Ya nemi lambar waya, ta ba shi. Ya nemi adireshi, ta ba shi. Sai ya ce ta faɗi cikakken sunan mai kwantiragin.

"My husband," in ji Mama.

Ya ce ya gane, sunansa yake so.

Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Baba a bakin Mama ba. Tana rubuta shi a takarda idan ta kama. A wurin GP, likitan unguwa, kati take miƙawa. Amma furtawa, wannan ba ta yi, kamar yadda ba ta kiran nawa sunan saboda ni ce 'yar fari. Haka ta taso a Zariya, haka ta ga uwarta tana yi.

Ta kalle ni, ta turo mini wayar. "Ke, gaya masa."

Na sunkuyar da kai. Na san da za ta iya jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, kuma na tabbata da ya karɓa. Abin ya zo mini a take. Ban faɗa mata ba. Saurayin yana ta cewa hello, hello. Mama ta ɗauki wayar ta ce masa za ta sake kira, ta kashe.

"Mutanen nan ba su san kunya ba," ta ce, ta tashi ta koma kan tukunya.

Baba ya yi dariya a ranar har tari ya sarƙe shi. "Shekara goma sha huɗu da aure, ashe ba ki san sunana ba."

"Na sani. Tallansa ne ba na yi."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Kai ka iya faɗin suna, ba ka iya cewa a'a ba. Ni na iya a'a. Asabar muna tafe."

Saura kwana shida wa'adin ya cika. Muka hau babbar bas da safe, Mama riƙe da jaka cike da robobin miyar kuka da ta daskarar. Ban taɓa zuwa Birmingham ba. Baba ya tare mu a tasha da idanunsa jajaye, don daga aiki ya wuto. Muka sake hawa wata bas zuwa Erdington. A babban titinsu na ga shaguna da yawa an rufe fuskarsu da katako, kamar dai namu.

Ɗakinsa yana saman wani shagon wanki. Da ya buɗe ƙofa sai ta bugi gado. Babu kujera, babu kabad. Rigunansa na aiki guda biyu suna rataye a ƙusa bayan ƙofa. Teburin guga yana jingine da bango, da ya janye shi don mu samu wurin wucewa sai ƙafarsa ta yi ƙiiii. Na nemi agogon bango ban gani ba. Famfon ɗan wurin wanke hannu ne yake ɗiga ƙas-ƙas. Na tsaya ina kallon komai, jakata a bayana, har Mama ta ce in zauna mana.

A kan taga akwai wani kwanon silba fanko, irin wanda ake zuba miya. Mama ta ɗauka za ta juye kuka a ciki.

"A'a, ba wannan ba," in ji Baba. "Na waya ne."

Ya jefa wayarsa a ciki ya nuna mana. Ya ce idan tana cikin kwano sauti yana ƙaruwa, ko yana guga yana jin mu.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, me kake ji?" ba. Su biyun duka suka juyo, don ba su saba jin na fara magana ba.

"Komai," ya ce. "Firjinku da ke gurnani. Silifas ɗin Mamanki. Idan lissafi kike yi ina sani, don sai in ji kina ta goge-goge har tebur yana motsi. Idan Turanci ne kuwa shiru, sai juya takarda. Ranar Laraba kina jan hanci, na san an yi wasanni a cikin sanyi."

Na kalli takalmansa.

Suka zauna a bakin gado kafaɗa da kafaɗa, ni a ƙasa, aka kira kamfanin. Wata mata ce ta ɗauka. Baba ya gyara murya ya faɗi sunansa cikakke, har da na kakana, Mama tana kallon bango kamar ba da ita ake ba. Ya ce matarsa za ta ci gaba da magana, ya miƙa wa Mama wayar da sauri kamar abin yana ƙona shi.

Matar ta fara da ragin wata uku. Mama ta ce, "No, thank you." Ta koma wata shida. Ta ce za a ba mu sabuwar waya mai kyamara. Ta ce za a ƙara mana saƙonni. Kowane ɗaya ina ɗaga kai in kalli bakin Mama, ko za a ambaci abin da nake jira. Ba a ambata ba. Sau huɗu ta ce a'a, na ƙirga. Baba yana ta taɓa mata gwiwa yana raɗa cewa ta sassauta, matar ma aikinta take yi. Daga ƙarshe matar ta tambayi dalilin fita. Mama ta ce mata da Turancinta, ku kuka canza, mu ba mu canza ba.

Aka karanto mana wasu lambobi da za mu kai wa wani kamfanin don kada mu rasa lambobin wayarmu. Ni na rubuta su a bayan wasiƙar. Shi ke nan. Mama ta tuƙa tuwon semo a kan ɗan rishonsa, muka ci a ƙasa. Baba ya yi barci a zaune kafin mu gama, muka bar shi har lokacin tafiya ya yi.

Ranar Alhamis layukan suka koma na kati. Da ƙarfe huɗu Mama ta kira shi tana tsaye, wayar a kunnenta. Ta gaya masa maganar mai gidan haya da ta wani biki a coci, da sauri-sauri, sannan ta miƙo mini.

"Yaya makaranta?" in ji Baba.

"Lafiya."

"Me kuka yi yau?"

"Ba komai."

Ya jira. Ni ma na jira. Mama tana kallon agogon hannunta.

"To, madalla. Ba Mamanki."

Daga wannan makon na fara yagar takarda a makaranta ina rubuta abubuwa uku da zan gaya masa. An canza mana malamar kimiyya. Wata 'yar ajinmu ta karye a hannu. An ba mu kifi da rana. Ina karanto masa su a jere, kowanne ya ce madalla, ko ya ce ayya. Ba sa kai minti ɗaya. Idan na gama sai in tsaya da takardar a hannu, shi ma ya tsaya, mu ɗan saci shiru kaɗan kafin ɗayanmu ya tuna katin yana tafiya.