Kaset ɗin Baffa da Sababbin Sifiku

Har yau ban san bambancin wufa da amfilifaya ba, duk da cewa su biyun suna cikin but ɗin motata, sun cinye wurin buhun shinkafa biyu. In aka tambaye ni sai in ce ɗaya baƙi ne mai faɗin faifai, ɗayan kuma yana ɗaukar zafi. Iyakar ilimina ke nan. Kuma ni malamin makaranta ne, mai yi wa yara faɗa kullum cewa matambayi ba ya ɓata.

Motar tsohuwa ce, ni ne na uku ko na huɗu da ya riƙe ta. Ta zo da rediyonta na kamfani mai cin kaset, da sifiku biyu a ƙofofin gaba. Ɗaya tana aiki, ɗayar sai an faɗa rami take farkawa. A cikin rediyon nan akwai wani kaset da ya maƙale tun shekarar da na saye ta. Ba na waƙa ba ne, ba na wa'azi ba. Muryar Baffana ce, ƙanen mahaifina.

A zamaninsu, masuntan ƙauyenmu da ke tafiya su a tafkin Chadi ba sa rubuto wasiƙa. Mutum zai zauna gaban rakoda ya faɗi abin da ke ransa, ya ba direban motar kifi ya kawo gida. Wannan shi ne na ƙarshe da Baffa ya aiko, damina ba ta zagayo ba labarin rasuwarsa ya iso. Abin da ya bambanta kaset ɗinsa da na kowa shi ne, gaisuwa yake yi kamar yana durƙushe a zaure, kuma yana barin gurbin amsa. Zai ce, "Yaya, ina kwana?" sai ya yi shiru. "Ina gajiya?" sai shiru. "Yaya ruwa bana, ya kai gonar gindin kanya?" Nan shirun yake da tsawo, har kana jin ruwa yana dukan cikin kwalekwale. A cikin waɗannan gurabun Baba yake amsawa, kuma kowace shekara amsar takan canza, gwargwadon inda ruwa ya kai.

Da rakodar gida ta mutu, Baba ya kawo kaset ɗin mota. Ya shiga, ya ƙi fita. Ban damu ba, tunda rediyon da kansa yake juya shi. Sai abin ya zama al'ada. Kowace Juma'a ina tashi daga Haɗejiya in nufi ƙauyenmu ta hanyar Baturiya, in kai Baba masallaci, a kan hanyar dawowa mu tsaya a bakin kogi ƙarƙashin wata tsamiya, in kunna masa su gaisa da ƙanensa.

Sai kunnen Baba ya fara nauyi. Da farko "ƙara murya" kawai yake cewa, in ƙara har sifikar nan guda ta fara kuka kamar an taka kyanwa. Daga baya ya soma amsawa inda ba gurbi. Baffa yana tsakiyar magana, Baba yana ba shi labarin shinkafa. Baffa ya yi tambaya ya yi shiru, Baba ma ya yi shiru, su biyun suna jiran juna. Ni kuwa ina zaune a tsakani ban san inda zan sa idona ba. Wata Juma'a ya dubi fuskata ya gane.

"Ya yi tambaya ban amsa ba ko?"

Na ce, "Kaɗan ne, Baba."

"Kashe. Mutum ya gaishe ka daga uwa duniya ka bar shi yana jira, ba daidai ba ne."

Juma'ar da ta biyo baya da muka zo tsamiya ya ce in wuce kawai. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na ce a raina, kunne ne ya ƙi, to bari a ƙara wa mota murya.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani mai wayarin a cikin gari, wanda ya ce duk motar da ka ji tana girgiza titi ran ɗaurin aure daga hannunsa ta fito. Sa'ana ne, mai gajeren gemu, da sukudireba a bayan kunne kamar yadda muke maƙala bairo. Na ce masa ina son sauti ya fito sosai. Ban ce masa don Baba ba ne. Ta yaya zan tsaya a bakin titi, ga masu jiran gyara a kan benci sun baza kunne, in ce mahaifina yana hira da kaset? Kafin la'asar labari ya kai kasuwar kifi cewa tsohon ya ruɗe. Na haɗiye maganar.

Shi kuma ya shiga jero mini tambayoyi.

"Malam, mai hanya biyu za a sa ko mai huɗu?"

Ni hanya ɗaya na sani, ta ƙauyenmu. Na ce, "Yadda ka gani."

"Wat nawa kake so?"

"To, daidai misali."

"Bes ka fi so ko tirebul? Tuwita fa, a sama za a ɗaura ko a ƙofa? Ka san in an sa wufa dole a ja waya daga batir, a sa fiyus, kuma wannan na gaban ba zai ɗauka ba."

Na ce to. Ya ƙara wata maganar na ce to. Na yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya san komai, alhali ko kalma ɗaya ba ta zauna mini ba. A ƙarshe ya yi murmushi ya ce, "Biki ne dai ko, Malam?" Na ce kusan haka. Ya ce in bar motar in dawo Alhamis.

Ran Alhamis tun daga nesa na ji wani abu yana dukan ƙirjina. Ashe motata ce. Madubi yana rawa, lambar baya tana karkarwa, awakin da ke kwance a gindin katanga sun tashi sun ba da wuri. Mai wayarin yana tsaye yana washe baki, ya buɗe but ya nuna mini wani akwati mai kafet da wani ƙarfe mai shuɗiyar fitila, ya nuna mini wayoyi ja da baƙi masu kaurin yatsa. Na ce madalla. Na zagaya na zauna a mazaunin direba, sai na ga wani gilashi mai haske a inda rediyona yake.

"Ina rediyon?"

"Wane? Tsohon? Ai ba shi da inda amfilifaya zai shiga. Na gaya maka za a cire, ka ce to."

"Ina yake?"

"Yana cikin tarkacen da 'yan gwangwan suka kwashe jiya."

Ban san lokacin da na fito daga motar ba. Ina da zuciya, gidanmu kowa ya sani, kuma ranar na zazzage ta duka a kan bawan Allahn nan. Na ce wa ya sa shi, na ce ɓarna aka kawo shi yi ko gyara, na faɗi har abin da ba na son tunawa. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, don a ganinsa aikin da ya fi kowanne kyau a watan nan ya yi mini. Ya yi ta cewa, "Malam, rediyon da ko kyauta ba mai karɓa?" Masu benci suka taso suna ba da haƙuri ba su san a kan me ba. Ni kaina na rasa wa nake yi wa faɗan, don duk abin da ya yi sai da na ce to. Garin neman gira na rasa ido, kuma da hannuna.

Da numfashina ya dawo na ja shi gefe na gaya masa gaskiya, wadda da na faɗa tun ran farko da ba a kai nan ba. Ya zare sukudireban daga bayan kunne ya juya shi a hannu.

"Haba Malam. Ai da ka faɗa. Mu ma tsohuwarmu tana da irinsa a ƙasan adaka, na yayanta."

Ya ja ƙofar shago ya rufe, ya bar masu benci, ya ce mu je.

Filin 'yan gwangwan yana bayan gari. Tsibi ne na ƙarfe ya fi tsayin ɗaki: murhu, kan fanka, ƙafar keke, injin ban ruwa da ya mutu. Mai wurin ya ce motar da za ta kwashe sai Asabar, mu duba in muna da ƙarfi. Muka yi ta tono cikin rana. Na ɗago rediyon mota ya kai goma, kowanne in ce shi ne, mai wayarin ya girgiza kai. Abin kunya, shekara da shekaru ina zaune gaban rediyon nan amma ban san kamanninsa ta baya ba. Shi da ya riƙe shi sau ɗaya shi ya gane shi, ta wata waya da ya yanke a karkace. An taka fuskar ta lotsa.

A shago ya kwance shi ƙusa bayan ƙusa, ni kuwa na kasa zama. Kaset ɗin ya fito, kwanson ya tsage, zaren ya cukuikuye a wuri ɗaya amma bai tsinke ba. Ya warware shi da tsinken ashana, ya zura bairona a ramin ya naɗe shi a hankali, ya sauya masa kwanso. Ya aro tsohuwar rakoda wurin wani mai shayi, ya jona ta da wata na'ura, ya ce zai juye muryar cikin memori. Muryar Baffa ta fito. Da aka gama ya dubi gilashin na'urarsa ya ce, "Akwai wuraren da ba magana da yawa, bari in yanke su ya yi daɗin ji."

Na riƙe hannunsa da ƙarfi har ya tsorata. Na ce ko numfashi kada ya taɓa.

Ran Juma'a bayan an sauko, na tsaya a gindin tsamiya ba tare da na tambayi Baba ba. Ruwa ya ja baya a lokacin, ciyawar kacalla ta cika gaɓa, wasu masunta suna gyaran komar kamun kifi a kan yashi. Baba ya dubi gilashin nan mai haske ya dube ni.

"Me ka yi wa motar?"

"Gyara aka yi, Baba. Yanzu za ka ji."

Na danna. Muryar Baffa ta fashe kamar daga lasifikar masallaci. Masuntan suka ɗago kai, tsuntsaye suka tashi daga cikin kacalla. Na dubi Baba ina jiran fara'a. Ya yamutsa fuska.

"Wane ne wannan? Guguwa kawai nake ji."

Na rikice. Na danna wani wuri, gilashin ya koma ja. Na danna wani, sai ga gidan rediyo ana sanarwar ɗaurin aure. Na sake dannawa, murya ta koma baya, ta dawo hagu, ta ɓace, ta dawo da gurnani har kujera tana rawa. Akwai wasu layuka da ake ja sama da ƙasa, na ja su duka sama, na ja su duka ƙasa. Gumi ya jiƙa mini riga. Na tsine wa wufa, na tsine wa amfilifaya, ko wanne ne a cikinsu mai laifin. Duk wahalar nan, ashe kunnen Baba ya wuce inda ƙara za ta kai. Na kai hannu zan kashe.

Baba ya riga ya kai nasa hannun jikin ƙofa zai buɗe ya fita. Sai ya tsaya.

"Bari," ya ce.

Ya shimfiɗa tafinsa a jikin ƙofar, daidai inda aka dasa sabuwar sifika. Ni ma na taɓa tawa. In Baffa yana magana ƙofar tana rawa a ƙarƙashin hannu, in ya yi shiru sai ta tsaya cak. Baba ya daɗe a haka, idonsa a kan ruwa.

"Mayar da shi farko."

Da ƙyar na gano yadda ake mayarwa. Ƙofa ta yi rawa kaɗan, ta tsaya.

"Lafiya lau," in ji Baba.

Ta yi rawa, ta tsaya.

"Ba gajiya."

Ta yi rawa mai ɗan tsawo, ta tsaya. Baba ya gyara zama ya ce bana ruwa ya wuce gindin kanya, ya ci rabin shinkafar, amma an samu tarwaɗa. Ya gama daidai lokacin da Baffa ya ɗora. Sai a sannan na gane, maganar duk tana kansa tun tuni, ba kalma ɗaya da ya manta. Abin da ya ɓace masa shi ne inda ƙanensa yake tsayawa ya jira shi.

Daga baya na tambayi mai wayarin wanne ne ya yi wannan aikin a cikin kayan da ya sa. Ya yi mini bayani mai tsawo, da zane a ƙasa. Na ce to.

Amma ranar ban tambayi kowa komai ba. Na kifa kaina a kan sitiyari ina jin su suna hira, gurbi bayan gurbi, ba wanda ya katse wani. A ƙarshen kaset ɗin Baffa yakan ce, "To Yaya, sai na zo," kuma shekara da shekaru amsar Baba ɗaya ce, Allah ya kawo ka lafiya. Ƙofar ta yi rawarta ta ƙarshe ta tsaya. Baba bai ɗauke hannunsa ba.

"A'a, yi zamanka," ya ce. "Ni ne mai zuwa."