Labaran da Mai Sihirin da Aka Karya

Sunansa Labaran, mutumin Gumel ne. Ya zo Kano yana saurayi, ya sami aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa inda ake buga bokitai da butoci. A nan na san shi, domin injina yana kusa da nasa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, sai fa idan an taɓo zancen gem, wasan waya.

Bai daɗe da fara aiki ba inji ya datse masa kan babban yatsan hannun dama. Ya warke, amma yatsan ya sandare, ba ya lanƙwasuwa sosai. Yana zaman jinya ne Usaini, abokin aikinmu, ya saka masa wani wasa a waya don ya rage masa kaɗaici. Wasan yaƙi ne da ake yi ta intanet, mutum biyar su kara da biyar, kowa ya zaɓi mayaƙinsa. Akwai mai takobi, akwai mai baka, akwai mai wuƙa da ke ɓacewa ya ɓullo ta bayanka. Duk waɗannan sai da saurin dannawa. Labaran ya gwada su, yatsa ya ƙi. Sai ya ɗauki mai sihiri, wani siririn tsoho mai sanda, wanda aikinsa ba dannawa ba ne, sanin lokaci ne. Ka tsaya daga nesa, ka bari abokan gaba su taru, ka sauke musu ruwan wuta.

Ya ƙware har Usaini ya saka shi a tim ɗinsa. Matarsa Badi'a takan tsokane shi, ta ce duk mayaƙan da ke wasan ya rasa wanda zai ɗauka sai boka. Shi kuwa tun a lokacin yana da ƙorafi, kuma mu ne masu saurare, idan an fita cin abincin rana a rumfar Rabi mai shinkafa da wake.

"Wanda ya ƙera mutumin nan bai taɓa buga shi ba," in ji shi. "Mai takobi yana sara yana tafiya. Mai baka yana harbi yana gudu. Ni kaɗai ne sai na tsaya cak kafin na yi jifa, kamar an dasa ni. Ga shi ba jini, duka biyu ya faɗi. Ga caji, jifa kaɗan ya ƙare, na koma tsoho mai sanda kawai. Takobi yana cin caji ne?"

Duk da haka yana cin wasa, don haka mitar ba ta wuce rumfar Rabi ba.

Sai masu wasan suka sabunta shi. Suka ce 'yan wasa sun yi kuka cewa ruwan wuta ya yi ƙarfi, saboda haka suka tsawaita lokacin haɗa shi, suka kuma sa ko ƙwarzane aka yi wa mai sihiri yana cikin haɗawa, jifan ya lalace, cajin kuma ya tafi. Tsallen da yake yi ya tsere, shi ma suka sa sai an daɗe kafin ya dawo. A gyaran nan dai suka ƙara wa mai wuƙa gudu.

Ban taɓa ganin Labaran ya fusata kamar ranar ba. Ya ajiye cokali, ya miƙo min wayar duk da ya san ba na wasan.

"Duba nan. Sun ce sun daidaita. Mutumin da ba ya iya gudu, ba ya iya shan duka, abu ɗaya ne gare shi, shi ne suka ƙwace. Kuma su can netwok ɗinsu ba ya rawa. Nan Sharaɗa kafin dannawata ta isa, an riga an soke ni. Sun yi tunanin wannan? Ba su yi ba, don ba mu ne a gabansu ba."

Tim ɗin ya fara shan kashi. A daidai lokacin aka sa gasa a wani gidan kallon ƙwallo a Na'ibawa, ma'aikatan Sharaɗa da Challawa da Bompai duk za su zo. Usaini ya same shi a bakin get bayan an tashi dutin safe.

"Labaran, ka canja mayaƙi. Ka ɗauki mai baka."

"Da wane yatsan?"

"To mai magani, mai warkar da 'yan tim."

"Kai ma ka san shi ma dannawa ne. Ba canji nake buƙata ba, mutum ɗaya nake so ya tsaya a bayana ya tare mai wuƙa. In na sami sarari na yi jifa ɗaya, an gama."

"Wato mu huɗu mu koma uku saboda gadinka."

"Da nake cinye muku wasa ba ku ce gadi ba ne."

Usaini ya ce sun riga sun yi magana da Sagir, wani ma'aikacin kamfanin biskit da ke buga mai wuƙa. Labaran ya dube shi, ya hau kekensa ya tafi.

Bai haƙura ba. Ya nemi wasu ma'aikatan jima na Challawa da suke neman cikon mutum, suka karɓe shi. Ranar Lahadi da la'asar aka yi gasar, ni ma na je. Suka ci wasan farko da ƙyar. A na biyu aka haɗa su da tim ɗin Usaini.

Abin da ya faru a nan shi ne Labaran bai yafe ba. Usaini ya san duk inda yake son tsayawa, ya san lungun da yake laɓewa, domin tare suka koyi wasan. Sai ya sa Sagir ya bar komai ya bi shi. Duk lokacin da tsohon ya ɗaga sanda, wuƙa ta ɓullo ta baya. Ya mutu, ya dawo, ya ɗaga sanda, ya sake mutuwa. Ana nuna wasan a babbar talabijin, mutane suna dariya, wani daga baya yana cewa a kai baba gida ya huta. Har aka tashi wasan ruwan wuta bai sauka ko sau ɗaya ba. Labaran ya miƙe, ya zura wayar a aljihu, ya tsaya a kan Usaini.

"Ba ka fi ni iyawa ba, Usaini. Kamfanin wasan ne ya ɗaure ni, kai kuma ka zo ka yanka."

"Wasa ne fa."

"Na san wasa ne. Shi kaɗai ne nake iyawa da wannan hannun, kuma ka fi kowa sani."

Ya fita. Daga ranar ya daina zama benci ɗaya da Usaini a wurin Rabi. Badi'a ta gaya wa matata cewa har a gida ya zama abin tsoro, yana cin tuwo yana yi wa mutanen da bai taɓa gani ba faɗa. Ya sa an taya shi rubuta ƙorafi da Turanci, ya tura wa masu wasan. Amsar da ta zo godiya ce irin wadda ake tura wa kowa. Da aka sake sabunta wasan ya buɗe da sauri, ya tarar ba su taɓa komai ba, sai sabuwar alkyabba mai ƙyalli da suka ɗinka wa mai sihirin, ita ma ta sayarwa.

"Likkafani suka yi masa," in ji shi.

Bayan wani lokaci Usaini ya zo da kansa ya zauna kusa da shi, ya ce ya gwada buga mai sihirin, kuma gaskiya ba ya buguwa. Labaran bai ɗago ba. Ya ce shi bai roƙi kowa ya gwada ba, tsaron baya ya roƙa. Suna gaisawa yanzu, iyakarta ke nan.

Da kamfaninmu ya rage ma'aikata, Labaran ya koma wani kamfanin taliya a Bompai. Na haɗu da shi kwanakin baya a wurin ɗaurin aure. Ya buɗe guruf a waya na masu buga mai sihiri, har da 'yan Zinder da Maraɗi a ciki, kullum suna tura wa kamfanin wasan bidiyon yadda ake kashe su. Ba a amsa musu ba tukuna. Na tambaye shi me zai hana ya goge wasan ya huta.

"In goge saboda me? Ni na lalata shi?" Ya gyara hularsa. "Su za su gyara."

Aka kira mu cin abinci, muna tafiya yana yi min bayanin yadda ya kamata a rage lokacin haɗa jifan.