Wa Ya Ci Gyadar Iri?

A shekarun farin nan muna zaune a Isa, inda Baba ke aikin ba da magani a asibiti. Gidanmu na cikin 'yan gidajen Kirista na garin. Kullum bayan an ci tuwo, lokacin da maƙwabta ke haramar sallar isha'i, Baba yakan zauna a gindin murhu ya yi mana karatun ranar, mu yi addu'a, sannan Kaka, mahaifiyarsa, ta karɓi fili da tatsuniya. Baba mutum ne mai son ayoyin hukunci. In ya zo kan na jinƙai sai ya riƙa sauri kamar wanda mota za ta bari.

Wata shekara wani abokinsa manomi daga Gatawa ya ba shi kwano guda na gyadar iri. Aka zuba a tulu, aka liƙe bakin da laka. Ni kuwa ina 'yar shekara tara, da cikin da ba ya jin magana, na ɓantare gefen lakar. Kullum in zari 'yan ƙwayoyi, in mai da liƙin da yawu. Ranar da hadari ya fara haɗuwa Baba ya buɗe tulu, ya tarar da rabi.

Da yamma ya ajiye bulala kusa da littafinsa. Don rashin sa'ata, karatun ranar a kan adalci ne da tuba, ya kuwa ja shi a hankali yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda yac ci irin ga shi hwaɗi," in ji shi. "In ba haka ba, za ni bi ku duka."

Kaka ta gyara zama kamar ba ta ji ba, ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri."

Wai a wata shekarar yunwa namun daji suka tara irinsu a kogon kuka. Kurege ya riƙa zuwa yana ɗanɗanawa, wai yana duba ko ya lalace. Da ɓarna ta fito, dila alƙali ya yanke cewa a sare wutsiyar wanda ya ci. Kurege ya dubi tasa, wadda ita ce duk adonsa, ya ja bakinsa. Sai tsohuwar kunkuru ta rarrafo ta ce ita ta ci. Aka yi ta juya ta ana neman wutsiyar da ta isa sara.

"Daga nan hwa?" muka tambaya.

"Daga nan ban sani ba," in ji Kaka. "Amma gyadag ga, ni nic ci ta. Yohanna, ɗauki bulalakka." Ta juya wa Baba baya, ta duƙa.

Baba ya dube ta. Bakin Kaka ko haƙori ɗaya babu.

"Inna, da wane haure?"

"Tsotsa nika yi."

"Rabin kwano?"

"Ina da lokaci. Kai dai adalci kaka so, ga baya."

Yayyena suka fashe da dariya, Mama ta toshe baki da gefen zane. Ni ban yi dariya ba. Wutar murhu ta haska bayanta, na ga ƙasusuwan a jere, don yunwar ta fi cin ta a kan kowa. Kunya da tausayi suka kama ni, na fashe da kuka ina cewa, "Ni ta! Ni nic ci!"

Kaka ta miƙe tana kakkaɓe zane. "To, kurege ya yi magana, tatsuniya ta ƙare. Yohanna, karanta muna sauran, kak ka yi gudu."

Baba ya karanta, bai taɓa bulalar ba. Hukuncina shi ne in shuka ragowar gyadar da hannuna, in kuma yi gadinta har ta nuna.

Yanzu ni ke yi wa 'ya'yana karatun kullum, kuma duk ranar da na zo kan tuba nakan tuna abin da ban taɓa gaya wa Baba ba. Na riga na shirya wa bulalarsa, har zane biyu na ɗaura a ranar. Da ya bi mu duka da na cije, kuma da har gobe ba wanda ya san ɓarawon. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsohuwa ta duƙa a wurin da ya kamata in duƙa.