Riga Ba Tabon Miya

Ni da na bar makaranta a aji uku saboda jinina bai haɗu da na malamin lissafi ba, sai ga shi da tsufana na zama littafin da 'yan jami'a ke karantawa. Ba wani ilimi na ƙaro ba. Hawan jini ne ya kayar da ni wata safiya a tashar Titin Bauchi, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina kamasho, na farfaɗo ɓarin jikina na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da wuri. Baki kuwa ko gezau bai yi ba, abin da har yau mutanen unguwarmu ke ganin an yi kuskure wajen rabo. Hannu ne ya ƙi.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi na asibiti, inda ake koya wa tsofaffi abin da jarirai ke yi ba malami. Shugabar wurin wata doguwar mata ce mai tabarau, wadda in ta kalle ka sai ka tuna ɓarnar da ka yi tun kana yaro. Ɗalibai na biye da ita cikin fararen riguna kamar 'yan tsaki. Ranar da na fara zuwa ta tara su a kaina ta ce:

"Kowa zai ɗauki majinyaci ɗaya, ya tsara masa komai tun daga yau har ranar sallama. Da me za a fara, me zai biyo baya, me zai riƙa yi a gida, yaushe za a ce ya isa. In ya ci gaba, ku zan tambaya. In ya tsaya cik, ku zan tambaya."

Ni ba wanda ya ce za a tambaye ni komai, sai na ji tsarin ya kwanta mini.

Na faɗa hannun wata yarinya 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Jos, ubanta na da shagon kayan mota a Laranto. Hausa a bakinta kamar ta tashi a tasha. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, me kake so ka koma yi da hannun nan?"

"Dambe," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da jira, irin jiran direban da ya san fasinja ɗaya ya rage masa. Dole na faɗa mata gaskiya. A layinmu na Dutse Uku, in an idar da magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gidan wani tsohon tela, a baje tabarma, a haɗa kwanuka a ci tare. Ciyayya ke nan. Can ake sanin matar wa ta iya miya, can ake raba duniya a ba kowa kasonsa. Tun da na kwanta ban leƙa ba. Da hagu zan ci a gabansu? Ko maiɗakina ce za ta biyo ni da cokali? Akwai wani mahauci a cikinsu da na yi shekaru ina yi wa tsiya saboda haƙoransa sun zube. Mutumin nan jira kawai yake.

"To, can za mu," in ji ta. "Ranar da ka ci tuwo da hannunka a ƙofar gidan tela, ranar zan sallame ka."

Ta jero mini hanya. A fara buɗe yatsu, a matsa soso, a tsince wake daga faranti zuwa kwano. Daga nan kofi, sai maɓallin riga, sai cokali, a ƙarshe loma. Abin da muka yi a asibiti in maimaita a gida safe da yamma, kuma duk abin da hannu zai iya taɓawa, in bar shi ya taɓa. Na ce to. Mu a tasha "to" ba alkawari ba ce, hanyar sallamar mutum ce.

Amma fa na gwada, kada a zalunce ni. Na ɗauki kofi yana rawa, maiɗakina ta yi wuf ta karɓe. "Malam, ajiye! Ina raye?" Ga 'yan dubiya ba sa yankewa, kuma a garin nan majinyacin da aka gani yana yi wa kansa wani abu, to an yar da shi ke nan. Rannan yayata, wadda ta goye ni kuma har yau ba ta yarda na sauka ba, ta shigo ta tarar ina kokawa da cokali, kunu har gemu. Ta dubi maiɗakina daga sama har ƙasa.

"Sannu da hutawa. Ashe haka kike jinyar? In kin gaji ki faɗa, yana da dangi."

Daga ranar ko hula ba a bar ni na gyara ba. A wanke mini hannu, a sa mini riga, a hura mini shayi. Ni kuwa da yake mutum ne mai gudun ɓacin ran jama'a, sai na haƙura na buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Irin wannan gata tun ranar angwanci ban gan shi ba. In yarinyar ta tambaya ko ina yi a gida, sai in ce safe da yamma. Ai kuwa safe da yamma ake yi, ban dai ce wa ke yi ba.

Makonni suka shuɗe, hannu na nan inda aka bar shi. Ranar da kowane ɗalibi zai gabatar da majinyacinsa, yarinyar ta yi bayani tiryan-tiryan da Turanci har na fara tausayin mutumin da take magana a kai. Malamar ta saurara har ƙarshe.

"Tsarinki ya yi kyau, a rataye shi a bango. Ina hannun?"

"Malama, ya ce yana yi a gida."

"Ya ce." Ta juya wajen sauran. "Ku dubi Baba da kyau. Mutum na koyon ci da shanyayyen hannu, kun ga tabon miya ko ɗaya a rigarsa? Ku dubi maɓallan, kowanne a raminsa har wuya. Ku dubi kumatun." Duk suka dubi kumatuna, wani har da matsowa. "Yana wurinki ɗan lokaci a mako. Sauran lokacin yana hannun wa? Kin sa mai shi a tsarinki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na so in sa baki, malamar ta ce, "Baba, kai ma zan zo kanka." Ashe ana tambayar littafi.

Zuwa na gaba aka ce in taho da maiɗakina. Malamar ta koma gefe ta naɗe hannu, ta bar ɗalibarta da aikin.

"Mama, in kina ba shi a baki, hannun ba zai tashi ba."

"'Yar nan, kin taɓa aure?"

"A'a, Mama."

"Shi ya sa. In zauna ina kallo yana zubar da abinci a jikinsa, yayarsa ta shigo? Ke za ki amsa mata?"

"Ki ce likita ne ya hana."

"Yaya? Ita da ta ce wa likitan hawan jini yaro ne bai san komai ba?"

Yarinyar ta saci kallon malamarta, malamar ta ɗauke kai tana duban silin. Can sai ta ce, "To, a zo mini da Yayar."

Na so in hana. Na san abin da ke tafe.

Yaya ta zo da shirin faɗa, mayafi a ɗaure. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta kujerar malamar sukutum, ta ce, "Hajiya, Baba ba ya jin maganata, ba ya jin ta Mama. An ce duk duniya ke kaɗai yake tsoro. Aikin gida nake so in damƙa a hannunki." Ta nuna mata yadda ake buɗe yatsun, inda za a tsaya in kafaɗa ta yi zafi, da abin da in an gani za a dawo da ni asibiti da gaggawa.

Na ga fuskar Yaya ta washe irin yadda ban gani ba tun ranar da aka fara aske mini kai. Washegari ta tare a gidana da farantin wakenta. Matar da ta ce an yar da ni, ita ce yanzu ke tsaye a kaina: "Da dama! Na ce da dama! Ke kuma kada ki kuskura ki taɓa masa kofin nan." In 'yan dubiya suka fara "ayya", sai ta ce aikin asibiti ne, ita aka ba, wanda bai iya gani ba ga ƙofa. Maiɗakina ta samu hutu da mutuncinta, har ƙiba ta yi. Ni na rame. Rigunana suka koma kamar tsumman mai tuyar ƙosai, malamar kuwa ta riƙa nuna wa ɗalibai su da alfahari.

An daɗe ana abu ɗaya. Wake ya wuce, kofi ya wuce, maɓalli ya ci mini mutunci sannan ya wuce. Wata rana yarinyar ta sa aka kawo tuwo asibiti, na yanka, na dangwala, na kai. Ta ce saura na ƙofar gida, kuma ba ita za ta raka ni ba.

Da magaribar nan ana ɗan sanyi na fita, kwano a hagu, dama a aljihu. Tela ya matsa mini. Mahaucin ya washe dasashi.

"A'a, ango! Ina mai ba ka a baki? Ko a kira ta?"

Na yi bisimilla na zaro hannun. Yana rawa, kowa ya ga yana rawa. Lomar farko rabinta ta faɗi kan tabarma, rabi ya isa. Tela ya turo kwanon miya kusa da ni. A ta uku na hango tsoka ɗaya tilo a gaban mahaucin, yana ta lallaɓa ta da yatsa yana jiran ta yi laushi. Na miƙa hannu a hankali, yatsu suka kama, na ɗauke.

"La'ilaha! Jama'a, wane azzalumin ne ya gyara hannun nan?"

"Miƙo mini yaji," na ce.