Shekarar da Kayan Sallah Suka Zo da Kakar Gyaɗa

Akwai wata Ƙaramar Sallah da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran abubuwan da na sani. Wanda ya ji yadda nake faɗa zai zaci wani babban abu ne ya faru, alhali maganar rigar yarinya ce guda ɗaya, shuɗiya, mai raga daga ƙasa. Amma har yau in na ga masu kanti sun fara rataye kayan Sallah tun ba a fara duban watan azumi ba, sai in ji wata irin gajiya ta sauko min tun daga kafaɗa.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da azumi yake faɗowa cikin sanyi. Ni 'yar Rogo ce, aure ya kawo ni Karaye, babban gida irin na gandu. Akwai surukata da muke kira Inna, da 'ya'yanta maza da matansu, ga yara ko'ina har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Maigidana manomi ne, gyaɗa da dawa.

A yadda muka taso, kayan Sallah ba sa shigowa gari sai azumi ya raba tsakiya. A goman ƙarshe maza suke yanko yadi su kai wa tela. In an karɓo ɗinki, Inna ce take amshewa ta kulle a akwatinta na ƙarfe, kuma yaro ba ya sa kayansa a ido sai safiyar Idi bayan ya yi wanka. Kwanakin nan na ƙarshe sai ka ji yara suna ta gardama a tsakar gida, wannan ta ce nata ja ne, waccan ta ce ta hango kore a hannun babanta. Ranar da aka buɗe akwatin nan kuwa, ihun da ake yi har maƙwabta suna ji.

To a shekarar sai wani ɗan unguwarmu da ya daɗe yana kasuwanci a Sabon Gari a Kano ya dawo gida, ya buɗe kanti a bakin kasuwa, daidai hanyar da yara suke bi zuwa firamare. A can ya ga yadda ake baza kayan Kirsimeti tun da sauran lokaci mai tsawo, abin ya burge shi. Da yake bikin nasu da Sallarmu sun matso kusa da juna a lokacin, sai ya saro daga irin kayan nasu: rigunan kanti na 'yan mata masu duwatsu a ƙirji, tabarau da agogon roba, 'yan jakunkunan hannu, balan-balan. Ana tsakiyar kakar gyaɗa, ko watan azumin tsofaffi bai kama ba, ya rataye su a ƙofar kanti ya ce kayan Sallah sun iso.

Ni ba na zuwa kasuwa, amma ban rasa labarin komai ba, domin 'yata ta fari tana bi ta nan kullum. Ba ta wuce shekara tara ba a lokacin. Ga wanda bai san gidajenmu ba, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban mutane. Ita ma ba ta ce min Umma, Yaya take kirana, kamar ba ni na haife ta ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar, haka na yi.

Don haka ba ta taɓa cewa in saya mata ba. Labari kawai take ba ni ina tuƙa tuwo.

"Yaya, an sayi mai ruwan hoda ɗin. Saura shuɗiyar."

Washegari kuma, "Yaya, yau ma tana nan. Iska tana kaɗa ta."

Ni kuwa in ce, "Ke, miƙo min mara." Amma ina ji. Da ita take kwana, da ita take tashi. Ba ita kaɗai ba ma, duk yaran gidan sun kamu. Ana sussuka, ana ɓarar gyaɗa, jiki duk ya mutu, ga yara sun ishe mu da zancen Sallar da ba a ko hango ta ba. Wata facalata ta ce in ta sake jin kalmar tabarau a bakin ɗanta sai ta bar masa gidan.

Maigidana ne ya fara sarewa. Ya ce da ni, "Yanzu ne ake da kuɗin gyaɗa a hannu. In aka jira goman ƙarshe komai ya yi tsada. Bara ba da safiyar Idi muka karɓo ɗinki ba, hannu ɗaya ba a haɗa ba?"

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Amma kusan wata uku fa. A gidan nan ina za a ɓoye riga wata uku?"

Ya ce, "Akwatin Inna mana."

Na ƙyale shi, domin in na matsa sai a ce ina sa baki a sha'anin 'yar fari. Kuma maganarsa ba ta rasa hankali ba, wannan ko yau ba zan musa ba.

Ya sayo rigar aka kai akwatin Inna, amma ɓoyon bai yi ko wuni ɗaya ba. Yarinya ta biyo hanya ta ga babu shuɗiya, ta tsaya kamar za ta yi kuka, sai mai kantin ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta, babanta ne ya saya. Da gudu ta shigo gida. Inna kuwa tsohuwa ce mai taushin zuciya a kan jikoki. Akwatin da a da sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, ya koma kullum a buɗe. Yau a gwada a ga ko ta yi daidai, gobe maƙwabta sun shigo gani, jibi yarinya ta yi wanke-wanke da kyau a bar ta ta taɓa. Ta saka, ta juya, ragar ta buɗe, a tafa mata, ta cire. Ta yi wa Inna alkawarin bana za ta yi azumi na gaske, ba irin na yara da ake sha da azahar ba, don ta ci rigarta da hujja.

Watan Sha'aban a wurinmu watan bukukuwa ne. An sayar da amfanin gona, kowa yana gaggawar ɗaura aure kafin azumi. A cikinsa yayar maigidana, wadda yara suke kira Goggo, ta zo daga Rogo Ruma inda take aure, ta kawo goron bikin ƙanen mijinta. Tana da 'ya tsarar tawa. Aka buɗe mata akwati ita ma ta gani, tunda an saba. Ta ɗaga rigar, ta juya ta. Sannan ta fito tsakar gida inda muke zaune da facalolina, ta dube ni. Ba ta tambayi Inna ba, ba ta jira ƙanenta ya dawo daga gona ba. Ta san wadda ba za ta iya cewa a'a ba.

"Amaryarmu, ara mana rigar 'yar nan taki ta kwana biyu. Tawa ba ta da abin fita biki."

Da rigar ƙaramin ɗana ce, da na yi 'yar dariya na kawo uzuri, babu mai ganin laifina. Amma ta 'yar fari ce, kuma duk idanu suna kaina. Amsa ɗaya ce aka yarda uwa ta bayar a irin wannan wuri, ita na bayar.

"Haba Goggo, ni ina ruwana? Ai 'yarki ce, ba tawa ba."

Inna ta ɗan yi gyaran murya ta ce, "Kayan Sallah ne fa."

Goggo ta ce, "Wace Sallar, Inna? Ko azumin ba a kama ba. Kafin nan an wanke an goge, wa zai sani?"

Nan maganar take. Da a goman ƙarshe ne, babu mahaluƙin da zai buɗe baki ya nemi aron kayan Sallar yaro, ko shi kansa zai ji nauyi. Amma da aka ce Sallar tana can nesa, sai rigar ta zama riga kawai, sabuwa, tana zaune a akwati ba ta aikin komai. Yarinyar tana tsaye a jikin turmi lokacin da aka naɗe ta aka sa a jakar Goggo. Ta dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai ina tsince shinkafa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma babu wanda zan gaya wa.

Kwana biyu suka zama makonni. Aka yi bikin, har wasu matan unguwarmu suka je da yaransu. Daga nan aka yi suna a maƙwabtansu, sannan wani bikin a cikin Rogo. Sai da aka kama azumi rigar ta dawo a hannun wani direban bas, cikin leda, haɗe da ƙullin alkaki da saƙon godiya. An wanke ta kam, har an wuce gona da iri. Shuɗin ya koɗe, ragar ta yage a gefe, duwatsun ƙirjin sun zube sai ɗaiɗaiku, ga tabon manja da ya ƙi fita.

Maigidana ya yi ta faɗa, amma a cikin ɗaki, tunda yayarsa ce. Abin da gyaɗa ta kawo kuwa hidimar gida da ta azumi sun riga sun cinye. Da goman ƙarshe ta zo, mai kantin ya sauke ragowar kayan da rana ta gama dafawa, ya rataye wani sabon yayi, teloli kuma suka daina karɓar ɗinki. Yarinya ba ta fasa azuminta ba. Da la'asar za ka gan ta leɓe ya bushe, a ce ta sha ruwa ta ƙi. Abu ɗaya ne ya canza, ta daina ba ni labarin komai.

Ni kuma na shiga gyara. Da rana in kowa ya kwanta hutun azumi, sai in turo ƙofa don kada a ga ina wahala a kan kayan 'yar fari. Na goga lemon tsami a tabon, na sa bula, na ɗinke ragar, na ciro duwatsun da suka rage a baya na mayar da su gaba. Na goge ta da dutsen guga na gawayi, na turara ta, na kai wa Inna ta mayar akwati. Daga nesa ba laifi.

Safiyar Idi Inna ta buɗe akwati kamar yadda aka saba, sai dai babu ihu. Kowane yaro ya san abin da za a miƙo masa, tunda sauran mazan gidan ma sun bi sahun maigidana sun saya tun da wuri. Tabarau da yawa sun riga sun karye, agogunan sun ɓace tun kafin azumi. Tawa ta sa hannu biyu ta karɓa ta ce, "Na gode, Inna." An yi mata kitso, lallenta ya kama sosai. Ta saka rigar, na saci kallonta, na ce a raina wataƙila mun tsira.

Sai ƙawayenta suka zo ɗaukarta yawon Sallah. A bakin zaure wata 'yar ƙarama a cikinsu, wadda aka je bikin Rogo Ruma da ita, ta tsaya tana kallonta. Babu mugunta a ranta ko kaɗan, abin da ta gani ta faɗa.

"Lah, wannan ai rigar 'yar Goggonku ce ta ranar biki. Kwance aka ba ki?"

Tawa ta juyo ta shiga ɗakina, ta cire rigar, ta ninke ta da kyau ta ajiye a kan gado. Ta ɗaura tsohon zanenta, ta zo ta zauna a bakin murhu tana tura itace. Ko hawaye ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Ina da sabon zanen atamfa da na tanada don fita gaisuwar yamma. Na shiga na ɗauko shi, a gaban Inna da facalolina duka, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Na ce, "Ke, tashi ki ɗaura wannan ki bi 'yan'uwanki."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi zanen.

"Ki bar shi, Yaya. Ni na gaji da Sallar nan."

A lokacin maza ba su ma dawo daga masallacin Idi ba.

Ban riƙe mai kantin a raina ba, abincinsa yake nema. Goggo ma ta rasu muna zaman lafiya. Amma na koyi cewa ɗokin yaro yana da iyaka, in aka kunna shi tun da wata uku, a hanya yake ƙarewa, kuma abin da aka tanada don rana ɗaya in ya daɗe a gida sai ya zama na kowa. Tun daga shekarar kayan Sallah ba su sake shiga ɗakina ba sai a goman ƙarshe. Yanzu 'ya'yana suna saya wa nasu yaran tun da nisa, suna yi min dariya wai ina son wahala da cunkoson kasuwa. Ba na musu da su, na gaji da musun. Ni dai gara in sha wahalar, da in sake jin yaro ya ce ya gaji da Sallah tun ba a sauko daga Idi ba.