Autata, Mai Tafiya a Bayan Ayari

Motar gandun daji ta saba tsayawa a ƙofar gidanmu kullum da yamma. Direba ba ya kashe ta, sai dai ya danna hon sau biyu, ki diro ki gaishe ni, ki ɗauki 'yarki, ku wuce. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Agusta, ina kwashe shanya bayan la'asar, na ji motar ta tsaya, na ji an kashe inji. Hon bai yi ba. Ina tsaye da zani a hannu sai na ji sallamar maza biyu, kuma tun kafin su zauna na sani. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma. Auta, kin tafi kina da shekara talatin da ɗaya, takwas daga ciki kin yi su kina kai baƙi magangarar ruwa kina dawo da su lafiya.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a aji shida na tsaya. Amma da hannuna nake wannan rubutu, don an faɗi wata magana a kanki wadda ban yarda da ita ba.

Ofishinku ya aiko da rahoto, yayanki ya karanta mini sau biyu. Wai kuskurenki ne: jagora a gaba yake tafiya, ke kuma kina baya, shi ya sa ruwa ya riske ki. Suna so in sa hannu cewa na gani na amince. Baffanki ya ce in sa kawai a huta, abin da Allah ya yi ya riga ya yi, kuma dama mace da hawan dutse, ai an sha faɗa. Na ce masa, "Yaya, ƙaddara na karɓe ta hannu biyu. Takarda ce ban karɓa ba."

Wanda ya rubuta rahoton nan ban san ko ya taɓa bin hanyar ba. Ni na bi ta. Bara kika matsa mini sai na je na ga inda kike aiki, kika ara mini takalmi, kika yanko mini sanda. Muka shiga kwarin da sanyin safiya, duwatsu dama da hagu, rafi yana binmu ta gefe, hanya kuwa sai hawa take yi. Da na waiga na gan ki a bayana, na ce ai ke ce jagora, ki wuce gaba mana. Kika ce, "Inna, hanya ba ta ɓata, ga farin fenti nan a jikin duwatsu. Na gaba ba ya ganin kowa. Ni mutane aka ba ni, ba hanya ba."

Ba mu yi nisa ba kika ce mu zauna. Na ce ban gaji ba. Kika ce kin sani, amma ƙafata ta hagu ta fara ja. Kika durƙusa kika cire mini takalmin, ashe diddige ya tashi da ƙurji, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Kika manna filasta, kika zaro busasshiyar safa daga jakarki. Kullum akwai safa a jakar nan, ta mutanen da ba ki ma san sunansu ba tukuna. Abokan aikinki Mai-kora suke ce miki, kina dariya kina cewa garken da aka kora ai shi ke isa gida cikakke.

A mashigin rafi na ga yadda kike yi. Igiya ce ɗaure daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ke za ki fara shiga ruwan, ki tsaya ta ƙasan igiyar, ruwa har cinya, don duk wanda santsi ya kwasa a jikinki zai faɗa. Sai kowa ya haye kike fitowa. Da muka isa magangarar, tun daga nesa ƙararta ta cika mini kunne, feshin ya jiƙa mini mayafi. Na yi ta salati ban ji muryata ba. Kika sa baki a kunnena kika ce, "Inna, yau dai na samo wadda ta fi ki magana."

To haka kika yi ranar Talata, ba ki canza komai ba. Mutum tara kika ɗauka. Saura kaɗan ku isa kika ga ruwan rafi ya rine, yana tahowa da ganye da ƙirare, kika gane an yi ruwa a can saman dutse ko da yake inda kuke rana ake yi. Kika juya da su. An ce wani har ya yi miki tsawa, wai tun daga nesa ya zo kuma sai ya gani. Ba ki biye masa ba. A mashigin kika tsaya inda kika saba. Takwas suka haye. Na tara dattijo ne, gwiwarsa ta riƙe, kika tallafe shi har ya kama gaɓa. A lokacin ruwan ya taho da wani gungume, ya kwashe ki.

Da a gaba kike, da kin haye kin tsira, na sani. Da yau kina nan, wani gidan ne ke zaman makoki, wataƙila ma gidaje biyu. In wannan shi ne kuskure, to a rubuta shi haka filla-filla, in sa hannu. Amma ba za a bar wa jikata takardar da za ta girma ta karanta cewa uwarta ba ta san aikinta ba.

Dattijon ya zo da kansa, ya zauna a tabarma ya rubuta abin da ya gani ya ba ni. Direba ya samo mini lambobin wayar sauran. Uku sun rubuto. Mai tsawar ya kashe wayarsa, amma zan ci gaba da kira.

Allah ya jiƙanki, Auta. Ya yafe miki kurakuranki na gaskiya, waɗanda Shi ya sani. Ya haskaka kabarinki, ya ƙetarar da ke siraɗi yadda kika ƙetarar da bayinsa. Ina yi wa mijinki ta'aziyya, wanda har yau bai iya taɓa jakarki ba, da 'yarki, da yayyenki, da abokan aikinki da suka bi rafi a ƙafa har suka samo ki. Baffanki ma ina yi masa, don na ga hawayensa a bayan ɗaki. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Shaidar mutum huɗu tana hannuna, saura biyar. Rahoton yana kan tebur, ba a gyara shi ba, ni kuma ban sa hannu ba.